Sharhi kan Metal Gear Solid V: sanɗar ta ci yabo, labarin bai kai ba

Tun da Konami ta fitar da Metal Gear Solid V: The Phantom Pain ranar 1 ga Satumba 2015 ake zuba masa yabo. Shafukan sharhin wasanni IGN da GameSpot duk sun ba shi 10 bisa 10, a Metacritic mai tattara makin masu sharhi kuma na PS4 ya tsaya a 93 bisa 100. Ga mai PS4 a Gusau da ke tunanin sayen faifan ko karɓar aro, hukuncina bayan na kai shi ƙarshe shi ne: a fannin sanɗa babu wasan da na sani ya kamo ƙafarsa, amma goma bisa goma ta yi masa yawa, domin ba a ƙarasa shi ba.

Labarin yana faruwa ne a 1984. Kai ne Venom Snake, kana aiki a Afganistan lokacin mamayar Sobiyet, daga baya a iyakar Angola da Zayar, kana gina rundunarka a wani sansani na cikin teku da ake kira Mother Base. Ci gaba ne na Peace Walker na 2010 da Ground Zeroes na 2014. Wanda bai buga su ba zai sha ruɗewa da sunaye, amma hakan ba zai hana shi wasa ba.

Daɗin wasan yana cikin yadda ake shiga sansanin abokan gaba. Kada ka doshi ƙofa. Nemi tudu, ka kwanta, ka danne R1 ka ɗaga madubin hangen nesa, ka bi sojoji ɗaya bayan ɗaya kana sa musu alama. Duk wanda ka yi wa alama za ka riƙa ganinsa ko yana bayan bango. Mafi yawan masu cewa wasan ya yi wuya nan suke yin kuskure: sun ga soja shida sun ɗauka shi ke nan, alhali na bakwai yana kan hasumiya, na takwas yana bayan tanti. Kafin ka taɓa kowa, duba abubuwa uku. Akwai faifan sadarwa, wanda in ka lalata shi ba za su iya kiran ɗauki ba. Akwai janareta, in ka kashe ta fitilu sun mutu, sai dai za a turo mutum ya dubo, kuma wannan mutumin naka ne in ka laɓe kusa. Akwai na'urar hango jirage, wadda lalata ta ke buɗe maka wurin saukar helikwafta kusa da sansanin.

Ƙaramar bindigar allurar barci ita ce babbar abokiyar tafiya. In ta sami kai, soja ya faɗi nan take. In a jiki ne, sai ya yi 'yan daƙiƙu yana tangaɗi, kuma a cikinsu yana iya ganinka. Abin da ke kashe ƙararta yana cinyewa, musamman na matakin farko, don haka harbi barkatai zai bar ka da bindiga mai tada gari. Kuma mai barci yana farkawa. Dabarar da ta fi ita ce ka lallaɓo ta baya ka ɗora wa soja bindiga, ka umarce shi ya kwanta: haka zai zauna har sai wani ya gan shi ko an busa ƙararrawa. In ka shaƙe shi da R2, L1 na ba ka damar yi masa tambayoyi, ya faɗa maka inda fursuna ko lu'ulu'u suke. Amma ba za ka ji abin da yake cewa ba sai kana da tafinta. Saboda haka ɗauko tafintan Rashanci shi ne aikin gefe na farko da ya kamata ka yi, sannan na Pashto, da na Afrikaans da Kikongo in ka isa Afirka.

Abin da ya fi burge ni shi ne abokan gaba suna koyon halinka. Ka yawaita harbin kai, su fara sa hular kwano, allura ta daina shiga. Ka mayar da dare lokacin aikinka, su zo da tabarau na ganin dare. Ka dogara da hayaƙi ko iskar barci, su ɗaura takunkumi. Maganinsa biyu ne: ka canja salo, ko ka tura rundunarka ta lalata rumbunan waɗannan kayayyaki, su yi ƙaranci na ɗan lokaci. Yanayi ma yana cikin lissafi. Guguwar rairayi tana rufe idon masu gadi, ruwan sama yana ɓoye ƙarar sawunka, amma a cikin guguwa balan-balan ɗin Fulton, wanda kake ɗaure wa mutum ya tashi sama zuwa sansaninka, yana iya sulluɓewa ka yi asarar gwani. Duba adadin da ke fitowa kafin ka danna. In bai kai 100 ba kuma mutumin mai daraja ne, jira ko ka ɗauke shi a kafaɗa.

Fulton ɗin nan shi ke sa kashe mutum ya zama asara, domin sojan da ka sumar yau gobe shi ke ƙera maka makami. A wurinmu da ƙarar bindiga ba labarin nesa ba ce, ina ganin darajar wasan da ya fi saka wa wanda ya shiga ya fita bai zubar da jini ba. Maki ma haka suke: darajar S, wadda ita ce mafi girma, tana buƙatar maki 130,000, kuma sauri da rashin a gan ka su ke kawo ta. Cikin abokan tafiya, karen nan DD ya fi kowa amfani ga mai sanɗa, don yana sansano sojoji ya sa musu alama da kansa.

To, ina matsalar? Babi na farko ya ƙare a aiki na 31 da ƙarfinsa. Babi na biyu kuwa, da yawa daga ayyukansa tsofaffi ne aka dawo da su da ƙarin wuya, masu laƙabin Extreme, Subsistence da Total Stealth. Akwai masu taɓa zuciya a ciki, aiki na 43 ba ya fita rai da wuri, amma sai ka yi ta ayyukan gefe kana jiran labari ya motsa. Aiki na 51, wanda zai rufe zancen Eli, wani yaro mai ɗauke da makami a labarin, babu shi a wasan sam. Bidiyonsa da ba a kammala ba kawai aka sa a faifan Collector's Edition. Hideo Kojima, wanda ya ƙirƙiro wasan, ya bar Konami a ƙarshen 2015. Mafi yawan bayanin labarin kuma an tura shi cikin kaset-kaset da za ka saurara, da Turanci mai sauri, Snake kansa da ƙyar yake magana. Ayyukan gefe 157 ne, amma kashi-kashi ne masu maimaita juna: ɗauko fursuna, kwance nakiyoyi, tarwatsa motocin yaƙi. Tsakanin sansani da sansani fili ne fetal. Sannan kowane babban aiki yana farawa da jerin sunayen waɗanda za su fito, wato tun kana cikin helikwafta an riga an gaya maka Skulls, sojojin abokan gaba masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, na tafe.

Dole a faɗi maganar Quiet, macen da ke cikin abokan tafiyarka. A fagen fama gwana ce ta harbi daga nesa, amma shigar da aka yi mata kusan tsirara ce, kuma kyamara tana bin jikinta da gangan. Dalilin da labarin ya bayar bai gamsar da ni ba. Haɗe da azabtarwa da yara masu ɗauke da makami a ayyukan Afirka, wasan na 'yan shekara 18 zuwa sama ne. Mai gidan gem da yara ke cika masa shago bayan Islamiyya ya san wannan kafin ya sa shi.

Ba ma wasan biyan kuɗin awa ba ne irin ƙwallo. Ajiya ɗaya tak yake ba kowane mai amfani, don haka in mutum biyu za su buga a na'ura ɗaya, kowa ya buɗe sunansa daban a PS4, in ba haka ba wani zai ci gaba a kan na wani ko ya goge shi. Yana ajiyewa da kansa a wasu gaɓoɓi kawai. Wuta ta ɗauke kana tsakiyar sansani, ka koma baya. Ƙera manyan makamai da faɗaɗa Mother Base suna cin lokaci na gaske, kuma agogon waɗanda ba na intanet ba yana tafiya ne kawai in wasan na kunne. Mai ƙona fetur a janareta ya fara ba da odar gini kafin ya fita aiki, kada ya zauna kallon agogo. Ka kula da GMP, wato kuɗin cikin wasan, in suka koma ja ma'aikata suna fara guduwa. Labarin ba ya buƙatar data. Ɓangaren FOB, inda 'yan wasa ke kai wa sansanonin juna hari ta intanet, wanda ke buɗewa bayan aiki na 22, shi ne ke buƙata, kuma na PS3 da Xbox 360 an rufe shi tun 31 ga Mayu 2022.

A PS4 hoton 1080p ne da firam 60 a daƙiƙa, a PS3 kuwa 720p da 30, kuma bambancin yana fitowa sosai wajen auna kan soja daga nesa. In za ka saya, nemi bugun The Definitive Experience na 2016, don ya haɗo da Ground Zeroes. Tsohon faifan 2015 kuma a sabunta shi kafin a fara: bugun farko yana da matsalar da ke iya lalata ajiya in ka tafi da Quiet aiki na 29 ko na 42.