Hoton ginin da ba a ganin ginin: wata shida ke nan yana rataye a falona

Ranar da Hajiyarmu ta fara ganinsa, sai da ta gyara tabarau ta matsa kusa, sannan ta ce, "Kai kuma wannan mene ne? Rawani aka warware?" Na ce, "Hajiya, gini ne." Ta ce, "Gini? To ina ƙofarsa?"

Da gaskiyarta, babu ƙofa a ciki, babu taga, ba a ganin ƙasa ballantana wani mai wucewa. Hoto ne fari da baƙi, faɗinsa santimita 50, tsawonsa 70. Wani farin lanƙwasa ne ya taso daga kusurwar hagu ta ƙasa ya naɗe kansa, inuwa ta cinye rabinsa, siraran layuka suna bin jikinsa kamar saƙar tabarma. Wani ɗan yanki ne na Cibiyar Heydar Aliyev da ke Baku, babban birnin Azarbaijan, wadda aka buɗe a 2012. Zaha Hadid ce ta zana ginin, haifaffiyar Bagadaza a 1950, mace ta farko da ta samu Pritzker, babbar lambar yabon masu zanen gine-gine, a 2004, ta kuma rasu a 2016. A wani shagon intanet da ke sayar da ayyukan masu ɗaukar hoto na saye shi.

Da gangan masu irin wannan hoto suke ɓoye maka ginin. Sukan yanke duk abin da zai nuna maka girma ko wuri, su bar ka da layi da haske da inuwa. Ba yau aka fara ba: Lucien Hervé, ɗan asalin Hangari da ya zauna a Faransa, ya yi suna ne da hotunan gine-ginen shahararren mai zanen gini Le Corbusier tun daga 1949, inda inuwa ke cin fili fiye da bango. Abin da ya ja ni ga nawa shi ne layukan nan. Na ɗauka ado ne, ashe mahaɗar allunan da aka lulluɓe ginin da su ne, wasu na kankare wasu na roba mai tauri, duka an ƙarfafa su da zaren gilashi, an ɗora su a kan ƙarafan da ke riƙe da rufin. Daga nesa ginin kamar an zuba madara ta daskare. Hoton kuwa ya tona asirinsa, ya nuna cewa ɗinki ne, allo bayan allo.

Takardar ita ce ta fi burge ni. Ta auduga ce, mai kauri, ba ta sheƙi, idan ka shafa gefenta sai ka ji ɗan kaushi kamar sabuwar shadda kafin a kai ta bugu. Baƙin wurin inuwar ba dunƙulallen baƙi ba ne. Ka tsaya taku biyu daga bango za ka ga layukan sun ci gaba da tafiya a cikin duhun. A allon waya sam ban ga wannan ba. Daga ƙasa akwai sa hannun mai hoton da fensir, da lambar da ke nuna na nawa ne a cikin adadin da aka buga.

Sai dai na sha haushi kafin a kai nan. Shagon ya ce mako biyu, sai da aka yi biyar, saƙonni uku na tura kafin a ba ni amsa ɗaya. Ya iso a naɗe cikin bututun kwali, ya riƙe naɗin nan har sai da na shimfiɗa shi tsakanin fararen takardu na danne da littattafai kwana huɗu. Ya kuma fi yadda yake a waya duhu, tunda waya daga baya take haskawa, takarda kuwa hasken ɗaki take jira. Da sun faɗi haka a shafin tallar, da sun kyauta.

Kuskure na gaba ni na jawo wa kaina. Na kai wa mai firam ɗin unguwarmu, wanda ya saba da hotunan biki da takardun shaidar kammala makaranta. Ya manna takardar jikin gilashi, gilashin kuma na taga ne. Da na rataye, fuskata da fankar sama kawai nake gani. Na koma na ce, "Maigida, a sake." Ya ce, "Alhaji, ai haka ake yi wa kowa." Daga ƙarshe wani na samu ya sa farin kwali ya zagaye hoton don kada takardar ta taɓa gilashi, saboda laimar damina kan sa su manne, ya sa gilashin da ba ya mayar da haske, ya kuma liƙe bayan da kyau don ƙurar hunturu. Kuɗin firam ya kusa kamo na hoton. Duk mai niyyar saye ya sa wannan a lissafi tun farko.

Akwai wani amfanin da ban yi tunaninsa ba sai daga baya. Gidaje da yawa a wajenmu ba a son rataye hoton mai rai a bango, shi ya sa falo kan ƙare da agogo da kalanda. Wannan ba ruwansa da wannan magana, har kawuna da ba ya ɗaga ƙafa a irin haka ya zauna ƙarƙashinsa ya sha shayi.

Ba na ba da shawarar saye ga wanda falonsa ba ya samun hasken rana, don a ƙarƙashin farin ƙwan lantarki hoton kwanciya yake, ya koma toka-toka. Nawa yana bangon da ke gefen taga, rana ba ta dukansa kai tsaye. Bayan la'asar ne yake tashi, lanƙwasar ta fito kamar ka sa hannu ka kama. Ya ma canja mini ido: makon jiya a cikin birni na tsinci kaina tsaye a lungu ina kallon inuwar zanko a jikin wani tsohon soro, har mai kura ya yi mini tsawa in ba shi hanya.

Hajiya dai har yanzu rawani take ce masa. Da ta zo ranar Juma'a ta tarar ya ɗan karkace, ita ce ta tashi ta daidaita shi.