Na'urar korar dabbobi mai sola ta ci min kudi, ragar waya ce ta ceci tumatirina

Lambun nawa ba wani babba bane, dan fili ne a bayan gida nan gefen gari inda har yanzu akwai gonaki da kangwaye. Da shigowar sanyi na dasa tumatir da latas da attaruhu, sai karas layi biyu da maman yara ta nace sai an saka. Tumatir na fara ja sai kullum in fito da asuba in tarar an min barna, kuma ba wai a gutsira a bari ba, dauka ake a tafi da shi. Yaran unguwa na fara zargi, Allah ya yafe min, sai ranar da na ga rami a gindin katanga an turo sabuwar kasa waje ga ganyen karas a bakinsa. Gafiya ce. Ita kam jaka gareta a kumatu, cusawa take ta kai rami ta boye ta dawo, shi yasa barnarta ta fi cikinta, kuma babba tana wuce kilo 1. Da rana kuma kurege ya karbi aiki.

Guba ban saka ba saboda kaji da mage da yara. Sai na ga tallar wata na'ura a Facebook, kaman fitilar lambu take ana soka ta a kasa, da dan faifan sola a kai, wai in dabba ta gifta zata saki kara da kunnen mutum baya ji ta kuma haska wuta. Na tura kudi aka kawo min guda biyu.

Gaskiya kwana ukun farko ba a taba komai ba, har na fara cika baki a majalisa. Kwana na biyar wallahi kashin gafiya na tarar a gindin na'urar, daidai gindinta fa, kaman da gayya. Sabawa suke da karar. Ga kurar hunturu tana rufe faifan solar, in baka goge kullum ba batirin baya kaiwa karfe biyun dare, lokacin da ita hajiya gafiyar ke fitowa aiki kenan. Daga baya ne ma na gano ashe tun 2001 hukumar FTC ta Amurka, mai kare hakkin masu sayen kaya, ta gargadi kamfanoni sama da 60 masu irin wannan kaya akan su kawo hujjar cewa yana aiki. Na yiwa mai sayarwa magana yace wai ban saita ta daidai ba. Maballi biyu ne fa a jiki.

Sai na nufi kasuwar Kofar Ruwa ta Kano neman ragar kaji. Wani dattijo mai shago ya tambaye ni me zan tsare, da nace gafiya sai yace Alhaji ajiye wannan, siririya ce hakorinta zai yanka ta, ka dauki raga mai walda mai kananan ido na rabin inci. Ta fi tsada sosai, har naji kaman yana so ya cuce ni ne, amma shi ya koya min abun da ya fi ragar kanta amfani: kar a kafa ta a saman kasa kawai. Sai an haka rami kafa daya, wajen santimita 30, a binne gindinta a lankwasa bakin ya kalli waje, in ta zo hakowa ta ci karo da waya a karkashinta sai ta hakura. Wuni biyu muka yi ni da kanena muna wannan aikin, kuma ku nemi safar hannu don bakin wayar yanka yake, har yanzu da tabo a yatsana.

Kuskure daya nayi, kasan kofa na bar dan sarari kaman yatsa uku, a daren ta bi ta nan. Na jera bulo na toshe, tun daga ranar ban sake ganin sawunta a ciki ba. Kurege kuma hawa yake abunsa, dole na koma na sayo ragar kajin nan mai araha na rufe sama, ita ta raba ni da shi da tsuntsaye. Kananan kadangaru dai har yanzu suna shiga suna dan taba latas, na bar musu.

Raga na bata tauraro 4 cikin 5, na cire daya saboda tsada da yankan hannu. Na'ura kuma 1. Daya ta mutu, dayar na soka ta a hanyar bandaki tana haska mana in mutum ya gifta.