Epi Info ta iya lissafi, amma ba ta san rijiyar unguwarku ba

Ni jami'in sa ido kan cututtuka ne a wata ƙaramar hukuma, kuma da damina ta kankama aikina yakan koma abu guda: amai da gudawa. Ta nan na san Epi Info, manhajar kwamfuta ta binciken annoba. Wani abokin aiki ne ya zuba mini ita a filashi bayan wani taron horaswa. Na kwafa a tsohuwar kwamfutata, ta buɗe ba ta nemi ko sisi ba, ba ta nemi intanet ba. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ce ta yi ta, tana nan tun 1985, wadda ke hannuna kuwa ita ce ta bakwai, da ta fito a 2011.

Abin da na fi sa ta shi ne binciken da muke kira kes-kwantirol. Ka tara waɗanda ciwo ya kama, ka nemo wasu da bai kama ba a matsayin abokan kwatance, sai ka koma baya da tambaya: wane ruwa aka sha, me aka ci, ina aka je. Abin da ya yi yawa a wajen masu ciwo ya yi ƙaranci a wajen masu lafiya, shi ne abin zargi. A lokacin annoba babu hanyar da ta fi wannan sauri da araha, don ba ka da watannin da za ka zauna jiran wa zai kwanta.

Yabo na farko na StatCalc ne, ɗan ɓangaren lissafin da ke cikinta. Gida huɗu ne kawai. A ce cikin masu ciwo 40, mutum 30 sun sha ruwan wata rijiya, 10 ba su sha ba. Cikin masu lafiya 80 kuma, 20 ne suka sha, 60 ba su sha ba. Kafin ka ɗauke yatsa ta ba ka lambar da muke kira OR, mai nuna ƙarfin alaƙar rijiyar da ciwon (1 na nufin babu alaƙa): 30 sau 60, a raba da 10 sau 20, ya ba da 9. A gefe kuma ga tazarar tabbaci ta kashi 95. Ita nake fara dubawa, domin in tazarar ta haɗa da 1, to komai girman lambar ba na kai ta gaban shugaban sashe. Duk sabon ma'aikacin da aka turo mini, da alƙaluman Doll da Hill nake fara masa, wato binciken taba sigari da kansar huhu da suka buga a 1950 daga asibitocin Landan. Cikin maza 649 masu kansar, 2 kacal ne ba sa shan taba, alhali a abokan kwatance 649 akwai 27. Ya zuba da hannunsa, ya ga lamba ta kai wajen 14. Daga nan ba na ƙara dogon bayani.

Tana kuma ƙiyasta yawan mutanen da za ka tambaya tun kafin ka fita. Wasa da ita na yi har na yarda da abin da malamanmu ke faɗa, cewa in abokan kwatance sun wuce huɗu ga kowane mai ciwo, wahala ce kawai ke ƙaruwa, ribar kaɗan ce. Ga mai biyan kuɗin man babur daga aljihunsa, wannan ba ƙaramin sani ba ne.

Wajen tsara fom da shigar da bayanai ba laifi. Kana iya hana ta karɓar shekarun da suka wuce hankali, kuma tana karanta fayil ɗin Excel.

Inda na sha kunya kuwa, laifina ne ni kaɗai. A wata barkewar kwalara, don gaggawa, duk gidan da muka sami mai ciwo sai mu ɗauki mutum biyu masu lafiya a cikin gidan. Ga sauƙi, ga shi ba sai an sake sallama a wata ƙofa ba. Na shigar da komai cikin dare, lambar rijiyar da kowa ke zargi ta fito kusa da 1. Da safe na kai wa wata babbar ma'aikaciya da ta girme ni a aiki, ina cewa, "Hajiya, rijiyar nan fa ba ta da laifi." Ta duba takardun, ta ce, "Malam, mutanen gida ɗaya ba randa ɗaya suke sha ba? To me ka kwatanta?" Shiru na yi. Manhajar ta lissafa abin da na ba ta daidai, ba ta da hanyar sanin cewa masu ciwona da masu lafiyata ɗan garuwa ɗaya ke kai musu ruwa. Ga wani abu kuma: yawancin waɗanda ƙwayar kwalara ta shiga jikinsu ba sa nuna alama, don haka wasu daga cikin "masu lafiyar" nawa ƙila suna ɗauke da ita.

Muka koma, muka karɓi jerin gidajen da masu rigakafi ke amfani da shi, muka zaɓi gidaje da ƙuri'a a faɗin mazaɓar, mai unguwa na gaba muna biye. Wannan karon rijiyar ta fito fili. Zaman makoki ma ya fito da babbar lamba, har na fara murna na kama ɓarawo na biyu. Da na raba bayanan gida biyu, waɗanda suka sha rijiyar daban, waɗanda ba su sha ba daban, na duba lissafin Mantel da Haenszel, dabarar da ke nan tun 1959, sai lambar makokin ta faɗi. Ashe gidan rasuwar a bakin rijiyar yake. Wannan rabon Epi Info tana yin sa cikin sauƙi, amma sai in kai ka tuna ka nema.

Akwai kuma abin da babu manhajar da za ta gyara. Uwar da ɗanta ya kwanta tana tuna har ƙanƙarar da ya tsotsa a hanyar Islamiyya. Maƙwabcinta mai lafiya kuwa, ka tambaye shi abin da ya ci kwana biyar da suka wuce, sai ya ce "tuwo dai". Shi ya sa na daina tambayar "me kuka ci", na koma karanto jerin abubuwa ɗaya bayan ɗaya ga kowa, da lafazi iri ɗaya.

Aibobinta kuwa a bayyane suke. Cikakkiyarta a kan Windows kawai take aiki. Fuskarta ta tsufa, umarninta na Turanci ne, kuma in ka haɗa kowane mai ciwo da abokinsa takamaimai, sai ka san da kanka cewa lissafinsa daban ne, ba za ta ja maka kunne ba. Babbar damuwar ita ce CDC ta sanar da daina kula da ita daga 2025, ma'ana babu sabon gyara da za a jira.

Ga ɗalibin lafiyar al'umma ko jami'in ƙaramar hukuma da ke son amsa kafin gari ya waye, har yanzu ina ba da shawararta, musamman StatCalc. Wanda zai yi babban bincike mai tarin abubuwa gara ya fara koyon manhajar lissafi ta R, ita ma kyauta ce. Ni na fara, ina tafiya da ƙyar. Kafin in iya, na ajiye Epi Info a filashi biyu, ɗaya a ofis, ɗaya a jakar babur.