Wajen masu buga adinkra a Ntonso

Ni ɗalibar zanen tufafi ce a jami'ar KNUST da ke Kumasi a Ghana, kuma duk 'yar Zango mai son wannan sana'a ina ba ta shawara ta hau trotro (ƙaramar motar haya) ta hanyar Mampong zuwa garin Ntonso, inda ake buga adinkra, wato alamomin gargajiya da ake bugawa a kan yadi da hatimi.

Dattijon da ya karɓe mu bai ɓoye mana komai ba. Wajen haɗa rinin, ɓawon itacen badie ake jiƙawa, a daka a turmi, a yi ta tafasawa har ruwan ya yi baƙi ya yi kauri kamar maɗi. Hatimin kuwa da ƙwarya aka sassaƙa shi, an kafa masa tsinkaye a matsayin mariƙi. Da yake fuskarsa a lanƙwashe take, ba dannawa ake yi ba, mirginawa ake yi a hankali. "Sassauta hannu, 'yata," in ji Baba. Na buga alamomin Sankofa da Gye Nyame, zanen ya fito tsaf. Wallahi har yanzu daɗin bai sake ni ba.

Sai dai wannan rini ba ya jure wanki, zuba yake yi. Ku daidaita kuɗin koyo kafin ku taɓa hatimi, ku kuma sayo farin yadinku daga kasuwar Kejetia a Kumasi.