Ofishin masu fafutikar zaman lafiya a Bolari: abin da na gani da idona

Wata uku ke nan da na fara zuwa ofishin nan, ƙawayena kuma sun dame ni da tambaya a WhatsApp, wai wurin yana da amfani ko ɓarnar kuɗin mota ce. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ban nemi izinin ambaton sunan ƙungiyar ba, amma wanda ya san Bolari a Gombe ya san shagon da aka mayar ofis, mai benci biyu a bakin ƙofa.

Ƙanena direban Keke Napep ne. An zo neman mai keken ba a same shi ba, sai aka tafi da yaron, aka ce ya zauna har mai shi ya bayyana. Kwana shida muna zarya da kwanon abinci. Inna ta daina barci, har ta sa an kai akuyarta kasuwa saboda wani ya ce sai an kawo kuɗin beli. Ni malamar firamare ce a Pantami, ina karatu ina rubutu, amma wallahi ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba.

Wata budurwa ce ta karɓe ni, da babban littafi mai baƙin bango a gabanta. Na fara magana hawaye na zuba, sai ta ce, "Anti, ki yi haƙuri, za mu ji komai. Fara ba ni rana da lokaci, da wanda aka yi abin a gabansa." A lokacin raina ya ɗan sosu. Daga baya na gane cewa waɗannan layuka uku da ta rubuta su ne ƙashin bayan takardar da ta fito da ƙanena.

Lauyansu ranar Asabar yake zuwa. Abin da ya fi burge ni da shi, bai rufe ni da Turanci ba. Ya ciro wani ɗan littafi da ya sha hannu, Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi, wadda shugabannin nahiyar suka amince da ita a Nairobi a 1981. Ya ce sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 ya nuna yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta aiki a kotunanmu sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Ita wannan, tun 1983 aka yi mata haka, don haka ana iya kafa hujja da ita a babbar kotu nan cikin Gombe. Ya ɗora yatsa a kan sashe na 7 na yarjejeniyar, ya fassara mini: hukunci na mai laifi ne shi kaɗai. Ya ƙara da sashe na 35 na tsarin mulki, wanda ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, da dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 da ta hana kama mutum a madadin wani. Na ce, "Barista, ashe duk wannan a rubuce yake?" Ya ce, "Malama, da hannunsu suka sa. Mu tunatarwa muke yi."

Takarda shafi ɗaya da rabi suka rubuta, aka kai inda ake tsare da shi, aka kai kwafi ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Kwana uku bayan nan yaro ya dawo gida. Ban biya ko sisi ba sai kuɗin hoton takardu.

Akwai wani dattijo a cikinsu da kowa ke ce wa Baba. Shi ya faɗa mini cewa da sulhu suka fara, bayan bam ɗin tashar Dukku a Disambar 2014, lokacin da garin ya cika da 'yan gudun hijira daga Borno da Yobe kuma kowa na zargin kowa. A hankali suka lura cewa matashin da aka zalunta, ya rasa inda zai kai kuka, shi ne mai sauƙin ja zuwa fitina. Don haka duk ƙorafin da ya shiga baƙin littafin nan, in mai shi ya yarda, sukan cire suna su haɗa shi cikin rahoton da ƙungiyoyi ke aikawa Hukumar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da ke Banjul, ko Majalisar Ɗinkin Duniya a Janiba, inda aka yi bitar yadda Najeriya ke kare haƙƙin ɗan adam a Janairun 2024. Gwamnati ta kai nata bayanin, su ma su kai nasu. Na yarda a sa namu.

Ba su yi mini romon baka ba. Da zuciya ta ɗebe ni na ce mu kai ƙara Majalisar Ɗinkin Duniya, Barista ya girgiza kai. Najeriya ta shiga yarjejeniyar haƙƙoƙin farar hula da siyasa a 1993, amma ba ta shiga ƙarin da ke bai wa mutum ɗaya damar kai ƙorafi can ba. Ƙofar da ke buɗe ita ce kotun ECOWAS a Abuja, wadda tun 2005 take karɓar ƙarar ɗaiɗaikun mutane ko da ba a bi kotunan gida ba. Ya ba ni misalin Hadijatou Mani, 'yar Nijar da aka bautar, wadda kotun ta ce gwamnatinta ta biya ta sefa miliyan 10 a 2008. Sai dai ya ce shari'ar na cin shekaru, gwamnatoci kuma na jan ƙafa wajen bin hukunci.

To amma wurin yana da matsala, kuma na faɗa musu ido da ido. Lauya ɗaya ya yi kaɗan. Ranar farko awa uku na yi a benci. Wayarsu takan yi ta ruri ba a ɗauka. Wanda ya fi damuna shi ne rashin sirri. Na ga wata baiwar Allah tana raɗa da gefen mayafi a baki, maza biyu na zaune kusa da ita suna jin komai, har ta tashi ba ta ƙarasa ba. Labule ɗaya zai gyara wannan. Sannan takardun da suke rabawa duk da Turanci ne, alhali masu zuwa Hausa da Fulatanci da Tangale da Tera suke ji. Na ɗauki alkawarin fassara musu shafi biyu zuwa Hausa a hutun zango.

Wanda zai je, ya je Asabar kafin ƙarfe tara, da katin shaidarsa, da ranar da abin ya faru a rubuce, da lambar wayar mutum ɗaya da ya gani. Mata su nemi budurwar nan mai littafi, su ce a fita da su bayan shago a yi maganar.