Zango biyu ina karatu da kunne: abin da na "gani" a jerin littattafan laburaren jami'armu

Tun ina firamare ake ce min mai dundumi. Da magariba ta kawo kai sai in fara karo da turmi da bokiti a tsakar gida, a yi ta min dariya, Inna ta aika a sayo hanta wai ita ce magani. Sai da na shiga jami'a likita ya faɗa min cewa nawa ba na hanta ba ne, ciwon gado ne da ke cin bayan ido sannu a hankali, kuma ba ya komawa baya. Yau ɗan hasken da ya rage min bai wuce na mai leƙe ta kafar allura ba. Ina bambance taga da bango, amma rubutu sai dai da kunne. Wanda ya ce min makaho bai zage ni ba, wanda ya ce mai lalurar gani ma na amsa. Na fara da wannan ne don a san bakin da sharhin ya fito.

Zango biyu ke nan ina digiri na biyu a fannin ilimi a wata jami'a da ke arewacin Ingila. Kowane kwas a nan yana da jerin abubuwan karantawa a intanet. Laburare ne ke kula da shafin, malami kuma shi ke zuba littattafai da maƙaloli, mako-mako. Kowane abu an rubuta matsayinsa: wannan dole ne, wannan yana da kyau a karanta, wannan ƙari ne ga mai sha'awa. A gefensa akwai mahaɗin da zai kai ka ga littafin in yana intanet, ko ga babin da aka yi wa sikanin, ko kuma ya faɗa maka lambar kantar da littafin yake da kwafi nawa suka rage.

Wanda ya yi digirin farko a gida ya san abin da na baro. Handawut ne, fotokwafin fotokwafi, wani shafin ma mai ido sai ya yi canke. Autarmu ce ke karanta min tana ɗauka a waya. Har yanzu ina da waɗannan muryoyin, ana jin carar zakara da kiran sallar la'asar a bayansu, can kuma sai ta tsaya ta ce, "Yaya, wannan kalmar ta fi ƙarfina," ta shiga jero min haruffa ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar ta yi digiri tare da ni ba tare da an ba ta takarda ba.

To ranar da na fara buɗe jerin kwas ɗina a nan, sai da na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Ina amfani da NVDA, manhajar da ke karanta min abin da ke kan allon kwamfuta. Wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, su suka gina ta, an faro aikin a 2006, kuma kyauta ce, shi ya sa yawancinmu da muka taso daga gida ita muka iya. A cikinta in ka danna harafin H sai ta tsallaka da kai daga kan magana zuwa kan magana na gaba. Na danna, ta ce mako na ɗaya. Na sake dannawa, mako na biyu. Cikin daƙiƙu kaɗan na zagaye zangon gaba ɗaya, na san abin da ke jirana har ƙarshensa. Mai ido ba zai ga abin mamaki a nan ba, don shi da kallo ɗaya yake yin haka. Ni kuwa a shafukan da ba a tsara su da kyau ba, sai na saurari komai tun daga sama, har da sunayen sassan jami'a da tallan taron da ya riga ya wuce, kafin in iso inda nake nema.

Abin da ya ƙara burge ni shi ne matsayin kowane littafi da kalmomi aka rubuta shi, ba launi kawai aka shafa masa ba. Na sha shiga shafin da ake cewa "waɗanda aka yi wa ja su ne na dole", kamar ja yana da sauti. Bayanin da malami ya ƙara a ƙasan littafi, irin su a karanta daga shafi kaza zuwa kaza, shi ma manhajar tana karanta shi daidai wurin da ya dace. Ban taɓa buƙatar linzamin kwamfuta ba, madannai sun ishe ni. Har akwai inda zan sa alamar cewa na gama da wannan, abin da ya raba ni da ɗaukar lissafi a ka.

Ba kirki ne kaɗai ya sa suka yi haka ba, akwai bulalar doka a bayansu. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta wajabta wa makarantu su yi gyaran da ya dace domin ɗalibi mai nakasa, sannan a 2018 aka fito da ƙa'idojin da suka ce shafukan intanet na hukumomin gwamnati su cika ma'aunin sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da shafi, wanda ake kira WCAG, su kuma wallafa bayanin inda suka cika da inda suka gaza. Jami'o'i da dama sun faɗa ƙarƙashin wannan. Na nemi bayanin namu na saurara. Sun lissafa kurakuransu da bakinsu, kuma na ci karo da kusan duk abin da suka lissafa. Wannan ya sa na ƙara yarda da su.

Kurakuran shafin kansa ba su da yawa, amma suna da ci da rai. Kowane mahaɗi sunansa ɗaya, "duba a intanet". In na ce manhajata ta jero min mahaɗan shafin, sai in ji abu ɗaya sau arba'in, ba tare da na san wanne ne na wane littafi ba. In kuma na buɗe bayanin littafi na rufe, sai ya mai da ni can saman shafi, in sake gangarowa daga mako na ɗaya alhali ina na takwas. Kamar mai jan guga ne da igiya ke kuɓuce masa duk sanda ruwa ya kusa baki. Na kai ƙorafi, an amsa min cikin kwana biyu cewa an tura wa kamfanin da ya yi manhajar shafin. Kuskuren farko an gyara shi a zango na biyu, na biyun yana nan.

Amma duk wannan ƙaramin abu ne. Babbar maganar tana bayan mahaɗin. Jerin zaure ne kawai, share shi aka yi tsaf, da zarar ka danna ka bar hannun laburare ka shiga gidan mawallafi, kuma kowane gida da irin karensa. Wani zai ba ka littafin a tsarin EPUB, babi-babi, ka yi yawo a ciki yadda kake so, wannan kam sai godiya. Wani zai ba ka PDF mai kyau. Wani kuwa ya kulle littafin a cikin nasa shafin don tsoron masu kwafa, kowane shafi tamkar hoto, manhajata ta shiga ta fito ba ta ce uffan ba. Akwai wanda ya bar ni in sauke 'yan shafuka ƙalilan, da na kai iyaka ya ce in dawo gobe. Littafi na dole ne fa, kuma abokan karatuna suna can suna karanta shi a kan gado.

Babobin da laburare ya yi wa sikanin da kansa ba su cika ba ni wahala ba, domin suna bi da su ta manhajar da ke mai da hoton rubutu ya zama rubutu na ainihi. Sai dai jadawali da bayanan ƙasan shafi kan cakuɗe, kana tsakiyar jimla sai ka ji sunan wani marubuci da shekara sun faɗo maka kamar daga sama. Matsalar ita ce malamin da ya ga bin ta laburare ɓata lokaci ne, ya ɗauki hoton babi da wayarsa ya ɗora. Shi a ganinsa taimako ya yi. Ni a wurina farar takarda ya miƙo min.

Akwai mafita, kuma tana aiki. Da na yi rajista da ofishin kula da ɗalibai masu nakasa, na kai takardar likita, sai aka haɗa ni da wata ma'aikaciyar laburare da aikinta ke nan. Ita ke bin jerina tana neman kwafin da zan iya karantawa. Takan fara duba RNIB Bookshare, rumbun da ƙungiyar makafi ta Birtaniya ke gudanarwa domin ɗalibai, inda mawallafa da yawa suka ajiye littattafansu. In akwai, a ranar nake samu. In babu, ta rubuta wa mawallafin ta roƙa, in ya yi shiru ta ɗauko littafin daga kanta a yi masa sikanin shafi-shafi. Matar nan ba ta taɓa sa na ji kamar bara nake yi ba, kuma duk wanda ya rayu da nakasa ya san tsadar wannan.

Sai dai duk ƙoƙarinta ba ya saya min lokaci, kuma lokaci shi ne ma'aunin da nake auna wannan tsari da shi: kwana nawa ne tsakanin ranar da abokan karatuna suka samu littafi da ranar da na same shi? A kwas ɗin wata malama da ta fitar da jerinta makonni kafin a buɗe zango, tazarar ba ta kai ko kwana ɗaya ba, komai ya riga ni isa. A kwas ɗin wani kuwa, ranar Litinin yake ƙara abin da za a tattauna ranar Laraba. Sau uku ina zama a semina bakina a rufe, ina jin mutane suna gardama kan babin da sai mako mai zuwa zai iso min. Wanda bai sani ba zai ce ɗan Afirkan nan ba ya karatu. A karo na huɗu na bi shi ofis na ce masa, "Dakta, kwana biyu a wurinka mako biyu ne a wurina." Ya yi shiru, sannan ya ce wallahi bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Ya gyara, ko da yake ba kullum ba.

Ba ni kaɗai ba ne kuma. Wata kurma a ajinmu tana fama da bidiyoyin da ake sa wa a jeri, waɗanda rubutun ƙasansu na'ura ce ta yi shi tana ta shirme. Wani mai keken guragu kuwa ya fi ni yabon tsarin, don daga jerin yake neman littafi a ɗauko masa a ajiye a ƙofa.

Ga mai shirin zuwa karatu nan, ka rubuta wa ofishin masu nakasa tun kana gida, kafin biza ma ta fito, ka nemi a haɗa ka da laburare. Ka kuma sani tallafin kuɗin da gwamnati ke ba ɗalibai masu nakasa galibi na 'yan ƙasa ne, baƙo sai dai ya tambayi abin da jami'a ta tanada daga aljihunta. Ni ban san haka ba sai da na iso.

Nakan yi tunanin gida in ina amfani da shafin nan. Ba doka muka rasa ba. Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 ta ba da damar a mai da littafi tsarin da makaho zai iya karantawa ba sai an jira izinin mai shi ba, Najeriya ta amince da ita a 2017, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 kuma ta shigar da wannan. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019. JAMB ma tana shirya wa makafi jarrabawa ta musamman. An buɗe mana ƙofar shiga, sai mu shiga mu tarar da handawut. Alhali rabin abin da na yaba a sama ba ya buƙatar manhaja mai tsada. Malami ya rubuta jerinsa a Word, ya raba shi mako-mako, ya tura a zauren WhatsApp na aji kafin a fara lacca, ya kuma ba da ainihin rubutun handawut ɗinsa maimakon hotonsa.

In maki zan bayar, shafin kansa ya ci huɗu cikin biyar, ma'aikaciyar laburare biyar cif, gidajen mawallafa kuwa daga biyar har sifili duk akwai.

Inda tsarin ya durƙusa gaba ɗaya shi ne Hausa. Binciken kammalawata ya shafi karatun manya a Arewa, don haka akwai tsofaffin takardun Hausa da aka aro min daga wani laburaren aka yi musu sikanin. Na'urar da ke gane rubutu ba ta san haruffa masu lanƙwasa ba. Ƙasa ta koma kasa, baƙi suka koma baki, ɗaki ya zama wani abin da ko ni ban gane ba. Muryar da ke karanta min kuma ta Turanci ce, tana furta Hausa kamar Baturen mulkin mallaka a ranarsa ta farko a Lakwaja. Ma'aikaciyar ta ba ni haƙuri, ta ce a duk ginin babu mai jin yaren da zai gyara min. Na tura hotunan shafukan gida. Washegari da asuba saƙon murya ya shigo, minti ashirin da bakwai, da carar zakara a bayansa. Kafin ta fara karatun sai da ta ce, "Yaya, ashe Turawan ma ba su sallame ni daga aiki ba?"