Sharhi kan yadda jihohin Amurka ke karɓar ra'ayin jama'a a tsarin makarantu

Ma'aikatar ilimi ta kowace jiha a Amurka ba ta da ikon miƙa tsarinta na makarantu ga gwamnatin tarayya sai ta fara baje shi a gaban jama'a. Dokar ilimi ta tarayya mai suna ESSA (Every Student Succeeds Act) ce ta wajabta hakan, wadda Shugaba Obama ya sanya wa hannu a Disambar 2015, ta maye gurbin tsohuwar dokar No Child Left Behind. A ganinmu wannan dama tana da amfani na gaske, amma ga wanda ya san sashen da zai kama ne kawai.

Jiha takan fara da tarurrukan sauraro a garuruwa, wani lokaci haɗe da tambayoyi a intanet. Sai ta fitar da daftari, ta bar shi a shafinta aƙalla kwana 30 domin tsokaci, gwamna ma a ba shi kwana 30 ya duba. Daga nan takardar ta tafi Washinton, inda sakataren ilimi ke da kwana 120 na tantancewa.

Raunin tsarin a nan yake. A taron sauraro babu daftari tukuna, tambayoyin kuma na gama-gari ne, irin su wace makaranta kuke so wa 'ya'yanku. Lokacin da daftarin ya fito, doguwar takarda ce cike da kalmomin masana, kuma an riga an yanke manyan shawarwari. Doka ta ce a tuntuɓi iyaye da malamai da shugabannin makarantu, amma ba ta ce dole a bi abin da suka faɗa ba. A Maris na 2017 majalisar dokokin tarayya ta soke ƙa'idojin da gwamnatin Obama ta shimfiɗa kan auna makarantu, sabon fom ɗin da Betsy DeVos, sakatariyar ilimi ta lokacin, ta fitar kuma ya cire sashen da jiha za ta bayyana yadda ta yi tuntuɓar. Shi ya sa ingancin aikin ya bambanta ƙwarai daga jiha zuwa jiha.

Kada a ɓata kwana 30 ɗin wajen neman a soke jarrabawa. Gwajin karatu da lissafi kowace shekara daga aji 3 zuwa 8, da sau ɗaya a babbar sakandare, dokar tarayya ce, haka ma sharaɗin a gwada kashi 95 cikin 100 na ɗalibai.

Abin da ke hannun jiha, wanda muke ganin ya fi komai nauyi, shi ne mafi ƙarancin adadin yaran da za a lissafa a matsayin rukuni. Jihohi sun zaɓi lambobi tsakanin 10 da 30. A ɗauki makaranta mai yara 22 masu koyon Turanci: idan lambar 30 ce, sakamakonsu ba zai fito daban a ma'aunin makarantar ba, ko da dukansu suna faɗuwa. Idan 10 ce, dole a gan su. Haka lamarin yake ga yara masu buƙata ta musamman. Layi ɗaya ne a cikin daftari, kuma da wuya a ji an ɗaga shi a taron jama'a, abin da ke damunmu matuƙa.

Sai ƙarin ma'aunin ingancin makaranta da doka ta bar wa jiha ta zaɓa da kanta. Yawancin jihohi sun ɗauki yawan fashin makaranta, wato rasa kashi 10 cikin 100 na ranakun karatu, kwana 18 ke nan a shekara mai kwana 180. A tambaya maki nawa aka ba shi, domin doka ta ce ma'aunan karatu su fi nauyi sosai, ba tare da ta faɗi adadi ba. Daga wannan lissafin ake fitar da kashi 5 cikin 100 mafi rauni na makarantun da ke karɓar kuɗin Title I (tallafin tarayya ga makarantu masu yawan 'ya'yan talakawa), kuma jiha tana ware kashi 7 cikin 100 na wannan kuɗi domin gyaran makarantu masu rauni.

Tun Maris na 2025, da Shugaba Trump ya ba da umarnin a fara shirin rufe ma'aikatar ilimi ta tarayya aka kuma rage ma'aikatanta kusan rabi, hankali ya koma kan buƙatun sassauci da jihohi ke nema, wato a ɗage musu wasu sharuɗɗan ESSA. ESSA tana nan daram, majalisa ce kaɗai ke iya soke ma'aikatar. A buƙatar sassauci doka ba ta ƙayyade kwana 30 ba, cewa ta yi a ba jama'a dama mai ma'ana, don haka wa'adin yana iya zama gajere. Amma dole jiha ta haɗa tsokacin da aka aiko da buƙatarta, ta kuma bayyana yadda ta amsa shi. Saboda haka rubutacce ya fi na baki tasiri. A ambaci lambar shafi da sashe, a faɗi abin da ake so a sauya da adadin da ake so a sa, a kuma yi rajista a jerin masu karɓar sanarwar ma'aikatar ilimi ta jiha domin kada wa'adi ya wuce ba a sani ba.